Lallen Amarya a Ƙirjin 'Yan Rugby

A gidan hayarmu na Selly Oak, cikin Birmingham, mu uku ne a shekarar 2006: ni Abdulsalam, da Davou mutumin Jos, da Uba. Amma in Uba ne yake ba da labari, shi kaɗai ne a gidan, ni da Davou kujeru ne.

Aikin gona Uba ya karanta a gida kafin scholarship ta kawo shi yin masters. Sai dai a bakinsa babu sana'ar da bai ƙware a kanta ba. Shi ya ce kada mu kira landlord, zai gyara mana boiler, muka kwana tara muna wanka da ruwan kettle. Shi ya ce ya san yanke zuwa city centre, muka bi shi har muka tsinci kanmu a bakin wani fili, tumaki suna kallonmu muna kallonsu. Ko a ranar ma cewa ya yi an sauya wa garin tsari ne ba a gaya masa ba.

Bayan ƙaramar Sallah ya dawo daga Kano da saƙo. Leda biyu ce manya, an naɗe su cikin tsohon zani, ba rubutu ba alama. Ya dire su a kan teburin kicin, ya ja da baya yana murza hannu.

"Ku gaisa da aurena," in ji shi.

"A leda aka ba ka ita?" in ji Davou.

Ga yadda abin yake. Akwai wata Hajiya Kulsum, mutuniyar Kumasi, ta shekara ashirin da wani abu a Hulme, can Manchester. Za ta aurar da babbar 'yarta Safia. Wata aminiyarta a Kano ta daka mata lalle da hannunta, ta tankaɗe shi sau uku, ta haɗa da garin kuka na miyar biki. Uba ne ya yi tsalle ya ce shi zai ɗauko, ba don ladan zumunci ba, sai don Mubarika, ƙanwar amarya, mai karatun pharmacy, wadda ya fi wata shida yana yi wa sintiri tana amsa masa da "we'll see."

Muna nan tsaye wayarsa ta yi ƙara. Da ya ga Hajiya ce sai ya sa ta a speaker don mu ji matsayinsa.

"Uba, ka buɗe kunnenka," in ji ta. "Laraba ta sama ake ƙunshin amarya. Wannan lallen na Indiya da ake sayarwa a nan cikin ɗan tsinken roba, 'yata ba za ta shiga ɗakin miji da shi ba. Na gida nake so, mai kamawa har ya yi duhu. Ka kawo mini shi yadda aka ba ka. In ya iso lafiya, sai mu zauna mu ji abin da ke kawo ka gidana kullum da kwalin lemo."

"Hajiya, ko train ya tsaya da ƙafa zan tako!"

Da ya kashe wayar na ce masa ya hau motar coach gobe-gobe ya sauke nauyin mutane.

"Kai injiniya ne, ba ka san zuciyar mata ba," in ji shi. "In na kai gobe, jibi an manta. Amma in na shiga da shi ranar Laraba, hall cike da mata, kowa sai ta taɓa ta kusa da ita ta ce, wane ne wancan mai babbar riga?"

Da a nan aka tsaya, da yanzu ƙila ina da labarin bikin Uba. Amma ranar Alhamis Davou ya dawo daga training, don yana buga wa wata ƙungiyar ɗalibai rugby, ya zauna yana cire takalmi yana dariya. Wai kyaftin ɗinsu, wani ƙato mai suna Darren, yana son a yi masa tattoo na wata magana mai hikima da harshen Latin, irin wanda samarin Turawa suke yayi a lokacin. Sau biyu yana zuwa shagon masu yi, da ya ji ƙarar allura sai ya ce ya manta bai kashe cooker ba.

Uba ya ajiye cokali. Na san wannan ajiye cokalin. Haka ya yi ranar boiler.

"Latin?" ya ce. "Ai ni Latin a cikina take kwana. Sorghum bicolor! Vigna unguiculata! Hibiscus sabdariffa!"

"To Farfesa, me ka ce?" in ji Davou.

"Ba kowane kai ne yake ɗauka ba. Ku dai saurara. Bature yana son tattoo, yana tsoron allura. Mu kuma addini ya hana mu huda fata. To ga lalle: ba allura, ba jini, ba haram, bayan sati uku ya goge, in budurwa ta sauya sai a sauya rubutu. Tattoo mai tuba! Zan buɗe branch a Birmingham, in buɗe a Manchester, London kuma sai sun roƙe ni."

Ya haura sama ya sauko da wani tsohon littafin rubutu mai tabon manja. Na karɓa na buɗe. Lecture notes ɗinsa ne na shekarar farko a jami'a, sunayen tsirrai ne jere da ma'anarsu a gefe. Abin da ya rera mana ɗazu dawa ce da wake da zoɓo.

"Uba, wannan ai kayan gona ne."

"Romawa manoma ne. Duk hikimarsu a gona take."

"Lallen fa? A ina za ka samo?"

Ya kalli teburin kicin. Muka kalli teburin kicin.

"Cokali biyu kawai," in ji shi. "Hannun amarya guda nawa ne?"

Washegari aka fara da Davou, don shi Uba ya yi wa alƙawarin muƙamin manaja. Uba ya taɓa ganin yayyensa mata suna ƙunshi, daga nesa, yana wucewa masallaci, kuma a wurinsa wannan ya isa diploma. Ya sayo faffaɗan salatif mai ruwan ƙasa, ya yanka haruffa a jiki da reza, ya manna a damtsen Davou. Ya kwance leda ɗaya, ga gari kore shar. Ya ɗebo, ya zuba ruwan ɗumi, ya matsa lemon tsami, ya juya. Da ya ɗaga cokalin sai abin ya biyo shi yana yauƙi.

"Haka lalle yake yi?" in ji Davou.

"Wannan shi ne first grade. Na talakawa ne ba ya yauƙi."

Ya laɓta masa, ya ɗaure da ledar supermarket, ya zaunar da shi gaban hita. Awa huɗu. A awa ta biyu Davou ya ce shi dai bai san dalili ba, tunanin gida yake yi. A ta uku ya ce yunwa yake ji kamar bai karya ba. A ta huɗu aka kwance. Uba ya kama bakin salatif ya fizge, Davou ya ƙwalla ƙara har ƙarfen labule ya amsa. Gashin damtsensa duk ya bi salatif. Rubutu kuwa ko ɗigo babu, sai fata tas tana sheƙi.

Davou ya shinshina. Ya dangwala da yatsa ya kai baki.

"Kuka! Uba, miya ka ɗaura mini a hannu awa huɗu!"

Uba ko gezau. Ya ɗauko biro ya yi rubutu a littafinsa.

"A kimiyya wannan shi ake kira control," in ji shi. "Yanzu mun tabbatar ɗaya ledar ce lallen."

Ban san me Davou ya gaya wa 'yan ƙungiyarsu ba. Ina jin so yake kada ya zama shi kaɗai aka tuge wa gashi. Ranar Lahadi da hantsi sai ga ƙatti takwas a falonmu, kowanne ya cika ƙofa. Uba ya sa jar dara da tabarau marar magani, ya zauna a kan kujera ɗaya tilo mai hannu, ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kowa damuwar ransa.

Darren ya ce shi yana son magana a kan jarumta. Uba ya lumshe ido ya daɗe, sannan ya ce, "Allium cepa. Wato wanda duk ya yanke ni sai ya yi hawaye." Darren ya dafe ƙirji ya ce nan yake so a rubuta, daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Wani gajere mai saurin fushi ya samu Capsicum frutescens, wai ƙarami ne amma a kiyaye shi. Wani da budurwa ta gudu ta bari ya samu Vernonia amygdalina, wai akwai magani a cikin ɗaci. Har ƙwalla ya share, ya rungume Uba ya ce, "That's deep, mate."

Sai aiki. Abin da Uba bai lissafa ba shi ne, mata a tafin hannu da ƙafa suke ƙunshi, wurin da bai fi faɗin littafi ba. Ƙirjin Darren shi kaɗai ya kai rabin tabarma. Cokali biyu suka zama kofi biyu, kofi biyu suka zama roba, aka sake kwaɓa wata robar. Ledar supermarket ta ƙare, aka koma baƙar ledar shara. Kafin azahar falonmu ya cika da ƙatti takwas a zaune a ƙasa, an naɗe su da baƙar leda an ɗaure da igiyar shanya, sun kewaye hita suna zufa.

"Ba motsi," in ji Uba. "Awa biyar. Romawa kwana suke yi."

Wayar ɗayansu ta yi ta ƙara a aljihu ba hannun ɗauka. Wani ya ce hancinsa yana ƙaiƙayi, Davou ya sosa masa da muciya. Gajeren nan ya ce toilet zai shiga, kuma hannayensa biyu duk a ɗaure suke. Kowa ya kalli manaja. Davou ya ce a nan take ya ajiye aiki. Mai ɗacin soyayya kuwa barci ya kwashe shi, ya ɗora kunci a kan damtse, ledar ta zame. Da ya farka rabin fuskarsa ya yi ja da wani zane mai kama da taswirar Afirka, har da Madagaska a gefen hanci.

Maƙwabciyarmu Madam Monica, nas ce da ta yi ritaya, ba abin da ke wuce idonta a layin. Ta zo kawo mana wasiƙar da aka jefa gidanta bisa kuskure, ta leƙo ta taga. Ta ga maza takwas a cikin ledar shara, ta ga mai jar dara yana juya koren abu a roba yana karanta Latin da ƙarfi. Ta saki wasiƙar.

"Abdul! Wane irin coci kuka buɗe a nan?"

"Ba coci ba ne, Madam, business ne."

"Na ga business a rayuwata. Ba a ɗaure customer da igiya."

Tana nan tsaye lokacin cire salatif ya yi. Duk wanda ya san jikin ɗan rugby ya san gashi ba ya masa kaɗan. Darren, wanda ya gudu daga allura, ya yi wata irin kururuwa da ta sa karen gida na huɗu ya kama haushi. Bakwai suka biyo baya, kowa da muryarsa. Madam Monica ta koma gida da sauri tana cewa gobe da sassafe za ta kira council, wato hukumar unguwa.

Abin haushin shi ne, lallen ya kama. Aminiyar Hajiya ba ta yi wasa ba. Haruffa suka fito ja wur a kan farar fata, kuma Uba ya ce kafin Laraba za su ƙara duhu, wanda shi ne gaskiya ɗaya da ya faɗa a wannan makon. Ƙattin suka yi ta ɗaukar hoto a gaban madubi. Suka tafi suna kiransa Professor.

Da gidan ya yi shiru na ɗaga ledar lallen. Abin da ya rage bai cika kofin shayi ba. Kafet ɗin landlord kuwa ya sha rabonsa.

"Uba, ka kashe kanka," na ce. "Ka kira Hajiya yanzu ka faɗi gaskiya, ko ta nemi mafita kafin Laraba."

"Kai kullum tunaninka na masu faɗuwa ne." Ya jawo ledar kuka. "Ni da na yi degree a kan ganye ban bambance su ba. Sai tsohuwar da ke sa tabarau?"

Ya juye rabin kukar cikin ledar lalle, ya barbaɗa ɗan ragowar lallen a sama, ya ɗaure, ya mayar cikin zani har da gyara ƙulli.

"In an kwaɓa fa?" in ji Davou yana shafa damtsensa marar gashi.

"Kafin a kwance ƙunshin an ba ni amsata. Magana kuwa in ta fita bakin manya ba ta komawa."

Ranar Laraba ƙungiyar su Davou tana da wasa a Salford, dab da Manchester. Uba ya samo mana kujera a coach ɗinsu, ni an ɗauke ni riƙon jaka. Ya sha babbar riga mai ruwan ƙwai, sitaci har tana ƙara. Tun daga Bristol Road yake bayani. Kafin mu yi rabin hanya ya gaya musu cewa surukansa ne suke biki, shi ne babban baƙo, in sun gama wasa su zo su ci abincin Afirka kyauta. Har adireshin hall ɗin ya rubuta wa direba.

Na ce masa da Hausa, "Ka san taron mata ne?"

"Talla ce. Hajiya za ta ga ina da customers Turawa."

Hall ɗin a Hulme yake, irin wanda ake haya na unguwa. Mata sun cika babban ɗaki, maza 'yan kaɗan suna wani ƙaramin ɗaki kusa da ƙofa suna shan shayi. Uba bai tsaya wurin maza ba. Ya karɓe ƙullin kayan daga hannuna, ya ɗaga shi sama, ya yi sallama da muryar mai sanarwa. Wata ta rangaɗa guɗa. Hajiya Kulsum ta taso da kanta, doguwa ce mai jiki, tabarau a rataye a wuya.

"Sai da ka sa cikina ya ɗuri ruwa, ɗan nan. Amma ka cika alƙawari. Allah ya yi albarka."

"Hajiya, ko barci ban yi ba saboda gadinsa."

Mubarika ta zo karɓar kayan. Uba ya rage murya, wato yadda rabin hall kawai za su ji.

"Yau dai zan ji amsata ko?"

"Bari a gama ƙunshi, then we'll see."

Amarya Safia tana zaune a tsakiya a kan darduma, an riga an manna mata salatif a ƙafa da tafin hannu, zane mai kyau kamar saƙa. Mai ƙunshin wata tsohuwa ce, Nana A'isha, wadda aka ce ita ta yi wa rabin amaren Manchester. Ta kwance leda ta shinshina saman, ta gyaɗa kai. Uba ya taka mini ƙafa. Ta juye duka cikin babbar roba, ta zuba ruwa, ta fara juyawa da ludayi. Ta juya. Ta sake juyawa a hankali. Sannan ta ɗaga ludayin, abin ya biyo shi tun daga roba har tsayin kafaɗarta bai tsinke ba.

Nana A'isha ta dangwala ta ɗanɗana.

"Kulsum," ta ce, "ki sa a kawo daddawa da tuwo. Ƙunshi dai babu."

Na nemi ƙofa da ido. Uba kuwa gaba ya matsa, yana gyara hannun riga.

"Iyayena, ku kwantar da hankali. Wannan sananne ne a kimiyya. Lalle in ya hau jirgi, pressure ɗin sama yana sauya masa hali."

"Shekara talatin ana kawo mini lalle a jirgi," in ji Nana A'isha. "Ban taɓa ganin wanda ya sauka a matsayin miya ba."

"To sanyin ƙasar nan ne."

"Sanyin ne ya cinye rabin kukar ma?" in ji wata daga baya, tana ɗaga ɗaya ledar da ta yamutse.

"A airport aka taɓa."

"Suka ɗebi kuka suka zuba cikin lalle suka ɗaure maka da ƙulli irin na gida?" in ji Hajiya. "Turawan airport ɗin nan sun samu tarbiyya."

Safia ta fara hawaye, ga hannu a manne ba damar sharewa. Uba ya buɗe baki zai kawo dalili na huɗu, sai aka ji waƙa daga waje. Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Ƙatti goma sha biyar suka shigo da gajeren wando, taɓo har gwiwa. Ashe sun ci wasa, karo na farko a wannan shekarar, kuma sun yanke cewa albarkar Latin ce. Kafin kowa ya yi magana sun sunkuci Uba sun ɗaga sama, babbar riga tana filfilwa, suna "Professor! Professor!" Darren ya tuɓe rigarsa ya bugi ƙirji.

"Innalillahi!" Mata suka ja mayafi suka rufe fuska, kowacce ta bar ido ɗaya a waje.

Hajiya Kulsum ba ta rufe komai ba. Ta ɗauki tabarau ta sa. Ta taka a hankali har gaban Darren, ta tsaya tana duban jan rubutun nan da ya yi duhu kamar ɓawon goro. Ta juya ta dubi damtsen gajeren. Ta dubi mai taswirar Afirka.

"Nana, zo ki gani."

Nana A'isha ta zo da ludayinta, ta duba sama da ƙasa.

"Tankaɗe uku," ta ce. "Ya kama da kyau, Allah ya sani."

"Mubarika, tambayi wannan ƙaton a ina ya samu."

Darren ya amsa da fara'a cewa Professor ne ya yi musu da wani ganyen sirri na mutanen Roma, wanda aka gada a gidansu.

"Lallen 'yata!" Hajiya ta ɗora hannu biyu a ka. "Lallen da aka daka a Kano, ya ƙetare sahara, ya ƙetare teku, ya ƙare a ƙirjin ƙato mai gashi! Uba, sauko. Sauko ka gaya mini cikinsu wacce ce amaryar!"

Uba daga sama ya ce, "Hajiya, investment ne, ribarsa ta dukkanmu ce."

Mubarika kuwa ta matso kusa. Ta ƙura wa ƙirjin Darren ido, leɓenta yana rawa. Can sai ta fashe da dariya har ta durƙusa. Shekara uku tana haddace irin waɗannan sunaye a pharmacy.

"Mma, kin san me aka rubuta masa? Albasa!"

Ta faɗa wa Darren da Turancinta na 'yan Manchester. Murmushinsa ya tafi a hankali. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana nunawa da yatsa, tana faɗa da Hausa tana faɗa da Turanci: barkono, gyaɗa, kuɓewa, rogo. Da ta zo kan mai ɗacin soyayya ta ce shuwaka, matan Kumasi suka kwashe da dariya har wata ta faɗo daga kujera.

"Kayan miya ne suka zo da ƙafarsu!" in ji Nana A'isha. "Ga kuka a roba, ga albasa, ga barkono. Nama kawai ya rage."

Duk aka kalli Uba. Waɗanda suke ɗauke da shi suka saki hannu a lokaci ɗaya. Sitaci ya yi ƙara.

Hajiya ta tsaya a kansa.

"Ka san sunan lalle da Latin?"

"Lawsonia inermis," in ji shi daga ƙasa.

"Kuka fa?"

"Adansonia digitata."

"Masha Allah. Ka san su da Latin, ba ka san su a leda ba."

Nana A'isha ce ta ceci ranar. Ta ce tana da wani ƙulli a freezer da ta ɓoye wa bikin jikarta, ko 'ya'yanta ba su san da shi ba. Flat ɗinta bai fi tafiyar minti biyar ba. Ta tafi ta dawo da shi a ƙarƙashin mayafi, ta kwaɓa da kanta, ta hana kowane namiji matsowa ko da taku goma. Safia ta daina kuka. Ƙattin kuma Hajiya ta ce baƙo ba ya komawa da yunwa ko da albasa ce, aka ba su zannuwa suka rufe cinya, aka zaunar da su ɗakin maza, aka kawo tuwo da miyar ragowar kukar. Darren ya ci malmala huɗu.

Ni na ɗauka Uba zai sulale. Ina! Ana cikin ɗaure ƙafar amarya sai ga shi a bakin ƙofar mata, hula a karkace.

"Hajiya, tunda dai komai ya daidaita, maganar amsata fa?"

Hajiya ta buɗe baki, Mubarika ta riga ta.

"Mma, bar ni in ba shi. A rubuce zan ba shi, da yarensa."

Ta ciro lallen Indiya na tsinken roba daga jakarta, wanda ta saya don ƙawayenta. Hajiya ta dubi lallen ta ce yau dai ga ranarsa, a rubuta da manyan baƙi. Darren ya ajiye kwano, ya zo ya riƙe hannun Uba kamar yana riƙe ƙwallo. Mubarika ta rubuta tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu, a tsanake, har da 'yan furanni a gefe. Aka naɗe da ledar shara, aka zaunar da shi a kan kujera a bakin ƙofa inda duk mai shiga da fita za ta gan shi. Gajeren nan ya tsaya gadi.

"Ba motsi," ya ce masa. "Five hours, Professor."

Burin Uba dai ya cika. Duk matar da ta wuce sai ta taɓa ta kusa da ita ta ce, wane ne wancan mai babbar riga?

A coach ɗin komawa ba wanda ya zauna kusa da shi sai mu. Ya kwance ledar, ya kankare busasshen lallen. Rubutu ya fito raɗau: Cucurbita maxima.

"To Farfesa, fassara mana," in ji Davou.

Uba ya gyara murya.

"Ma'anarsa, babban mutum, ka ƙara haƙuri, ana shawara."

Davou ya zura hannu cikin jakar da nake riƙe da ita, ya zaro littafin nan mai tabon manja. Ya bi jerin da yatsa har ya samu, ya miƙe tsaye ya karanta wa duk motar, da Hausa da Turanci.

"Kabewa!"

Sai da direba ya rage gudu saboda dariya. Uba ya jira har aka lafa. Ya ɗaga hannun ya duba rubutun ta hasken taga, ya karkata kai.

"Ku dai ba ku da lura," ya ce. "Maxima ta rubuta. Ko a cikin kabewar ma ta san ni ne babba."